Jirgi Ba Ya da Oda: Ta'aziyyar Ubaidullah Labbo Gehuru

Cikin alhini da rawar zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Manoman Albasa da Shinkafa ta Jega, Aliero da Maiyama, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Shugabanta, Alhaji Ummaru Gudiya, ta samu labarin rasuwar ɗanmu Malam Ubaidullah Labbo Gehuru, ɗalibin tuƙin jirgin sama, wanda Allah Ya karɓi rayuwarsa da hantsin Talata yayin sauke ƙaramin jirgin horo a filin koyon tuƙi da ke bayan Kuberi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin, ɗa ga dattijonmu Malam Labbo, ya yi wa wannan ƙungiya hidimar shekara huɗu a matsayin sakataren matasa, kuma karatu bai raba shi da fadama ba. Duk lokacin da ya tashi da malaminsa ya hango inda ruwa ya ɓalle ya nufi gonaki, kafin ya cire takalmi ya kira mu a waya. Bara kiransa ne ya ceci shukar mutanen Alelu.

Wajibi ne mu faɗi yadda abin ya faru, ko da faɗin da ɗaci. Talatar nan ce ranar farko da aka bar shi ya tashi shi kaɗai. Da ya sunkuyo zai sauka, sai ya tarar an baza shanyar shinkafa a ƙarshen kwaltar da jirgi ke sauka, mata uku na tsaye a kai suna juya ta. Mun saba da shanya a bakin titi: direba ya danna oda, a ja gefe, ya kauce ya wuce. Su ma odar suka tsaya jira, alhali jirgi ba ya da oda, ba ya kuma kaucewa. Ubaidullah ya ƙi taka su, ya yunƙura ya sake tashi, fiffike ya bugi giginya, jirgin ya faɗo. Matan ko ƙwarzane ba su yi ba.

Tsoro muke ji, ba ma ɓoyewa. Kaka ta kama, kowane gida na neman wurin shanya, kuma ranar Alhamis mai zuwa ɗiyarmu Naja'atu Sahabi Alelu, ita ma ɗalibar tuƙin jirgi, za ta yi tata saukar farko ita kaɗai a wannan filin. Jiya kuma an sake ganin tabarmi shimfiɗe a gefen kwaltar.

Muna miƙa ta'aziyya ga Malam Labbo, da mai ɗakin marigayin Malama Umaima, da ɗaukacin al'ummar Gehuru. Allah Ya gafarta masa, Ya karɓi shahadarsa, Ya ba su juriyar wanga babban rashi.

Don girman Allah, kowane magidanci ya je da ƙafarsa ya kwashe shanyarsa kafin Alhamis. Ba daga nesa nake wannan roƙo ba. Shinkafar da aka baza ranar Talata ta gonata ce, ɗaya daga matan ukun nan kuma mahaifiyata ce, kuma ni na ce a kai ta can don ta fi saurin bushewa.

Sa hannu:
Alhaji Mu'azu Magaji Alelu
Sakataren Watsa Labarai, a madadin Shugaba