Farantin Mota Lamba Huɗu

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Sufuri,
Hukumar Kula da Asibitoci,
Babban Ofishi, Hawa na Biyu.

Daga:
Tsohon direban motar marasa lafiya, lamba huɗu,
Gida na ƙarshe, Layin Bayan Tankin Ruwa.

Litinin, 5 ga Yuni, 2023.

GAME DA: Farantin ƙarƙashin injin mota lamba huɗu, da abin da rashinsa ya jawo ranar 9 ga Maris.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Karatuna bai wuce aji uku ba. Idan an ga gyara a rubutun a yi haƙuri, amma a maganar babu gyara. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa wa Hukuma mota, ban taɓa rubuto takarda ba sai yau. Sau biyu na zo ofis, magatakarda ya ce kana taro.

1. Kowace motarmu tana da farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, noti takwas ke riƙe da shi. Aikinsa ya tare dutse da ruwa da laka, kada su kai ga kaskon da baƙin mai yake kwanciya a ciki. Mai bin kwalta mai kyau zai shekara bai san amfaninsa ba. Mu ba ma zaɓen hanya. Inda aka kira mu, nan muke bi.

2. Ranar Laraba, 8 ga Maris, na kai motar garejin Hukuma a yi mata juyen mai. Ba a juye sai an kwance farantin. Washegari Alhamis da hantsi na koma ɗauka.

3. A nan zan faɗi nawa laifin, kada wani ya riga ni. Al'adata kowace safiya in durƙusa in leƙa ƙarƙashin mota, in ƙwanƙwasa farantin da makulli. Abokan aiki har tsiya suke yi mini, wai na zo gaida surukata. Ran nan ban durƙusa ba. Gwiwata ta kumbura, kuma ina tsaye kira ya shigo. Da na tayar da ita na ji muryar injin a buɗe, kamar ana magana a ɗakin da ba ƙyaure. Na tambayi shugaban gareji ko an mayar da farantin. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi faranti kwalliya ce kamar ɗan kunne, ba da shi mota take tafiya ba, in ajiye tsufa in je in ɗauko mutum. Na tafi. Kunnena ya gaya mini gaskiya, na ƙi ji.

4. Wanda na ɗauko magini ne, ya faɗo daga bene. Sa'an ɗana na biyu ne. Yana cikin hankalinsa. A baya akwai ma'aikaciyar jinya da yayansa. A wajen aikin gada an karkatar da hanya ta cikin tsakuwa. Allurar gudu tana kan talatin, idona yana kanta. Dutse ya tashi ya bugi ƙasan motar. Na san irin ƙarar da faranti yake yi idan ya karɓi duka, wannan ba ita ba ce. Jar fitilar mai ta kama. Kafin in fita daga tsakuwar inji ya buga. Ƙarfe goma sha biyu saura kwata.

Ma'aikaciyar jinya ta hana a lanƙwasa shi cikin ƙaramar mota saboda bayansa. Ta yi daidai. Muka jira wata motar Hukuma. Minti hamsin.

Sauran man yana ɗiga a kan wani fallen kwano da ke ƙarƙashin motar, ɗis, ɗis. Maginin ya ji. Ya tambaya ko ruwa aka fara. Ya ce idan ruwa ne, yayansa ya yi maza ya koma ya rufe buhunan siminti kada su lalace. Rana kuwa tana tsakar ka, ko gajimare babu. Sai ya juyo da ido ya ce da ni Baba, ya tambaye ni ko mun kusa. Na ce masa mun kusa. Ya yi mini godiya.

Ya cika a cikin mota ta biyu, ana hango ƙofar asibiti. Allah Ya ji ƙansa. Na tambayi likita ko minti hamsin ɗin nan ne. Ya dubi takalminsa, ya ce kwana ne ya ƙare. Ni ma na san da kwana. Ba shi na tambaya ba.

5. Ranar Litinin, 27 ga Maris, kwamiti ya zauna. Mutum biyar. Sun je garejin da ƙafarsu, sun dawo sun rubuta abu biyu. Na ɗaya, wai ganganci na yi da gudu. Na biyu, wai motar tun daga kamfani ba ta zo da faranti ba, kamar yadda shugaban gareji ya shaida musu. Ma'aikaciyar jinya ta nemi a kira ta, ba a kira ta ba. Ranar 3 ga Afrilu aka ba ni takardar ajiye aiki, da kalmar ganganci a layi na uku.

6. Ranar Alhamis, 18 ga Mayu, na je garejin mayar da rigar aiki da jak ɗin Hukuma na ɗaga mota. A bakin ƙofa akwai kwata da ruwan wankin mota yake bi. An rufe ta da faranti huɗu, ana takawa a wuce. Na biyu daga hagu nawa ne. Ba zato ba ne. Ni na buga masa lamba huɗu da ƙusa da guduma shekarar da aka kawo motar, tana nan. Na ƙirga wuri goma sha bakwai da ya lotsa. Kowane ɗaya dutse ne da bai kai ga inji ba. Na goma sha takwas ya zo bai same shi ba.

Ranka ya daɗe, garejin nan ƙofa ɗaya gare shi. Mutum biyar ɗin da suka rubuta cewa babu farantin, a kansa suka taka suka shiga, a kansa suka taka suka fita.

Na ɗaga shi da rana tsaka a gaban maigadi, na ɗora a kai na kawo gida. Na ji shugaban gareji yana cewa sata na yi. Ɓarawo ba ya rubuto adireshinsa.

7. Sauran faranti ukun na lamba ɗaya ne da lamba biyu da lamba shida. Na bi motocin inda ake ajiye su, na durƙusa da wannan gwiwar, na leƙa. Duk tsirara suke. Ƙiwar ɗaure noti takwas ce kawai. Yanzu da kake karanta wannan, ɗaya daga cikinsu tana kan hanya da ɗan wani a baya.

8. Ba tausayi nake nema ba, amma tunda takarda ce a rubuta. Famfon tsakar gidana yana ɗiga. Na ɗaure shi da roba, na sauya masa kai, daga baya na sa aka toshe shi gaba ɗaya. Har yanzu ina jin ɗigar. Maiɗakina ta ce babu abin da ke ɗiga. Idan na zauna cin abinci da rana sai in ji an tambaye ni ko mun kusa. Na bar bin hanyar gada, domin baƙin layin man yana nan a kan tsakuwa. Mahaifiyar maginin ta zo har gida tana dogara sanda, ta yi mini godiya, wai an gaya mata na tsaya a rana ina yi wa ɗanta fifita da hulata. Ta sa mini albarka. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon abu uku.

Na farko, a mayar wa motoci ukun nan farantansu a wannan makon. Suna bakin kwata, wanki kawai suke so da sababbin noti. Wanda ya ruɓe a samo na kamfani, ko na hannu mai lafiya. Idan babu, mai walda zai yanka fallen ƙarfe mai kauri daidai ramukan noti, ya bar wa iska hanya kada inji ya yi zafi. Kada a ɗaure da waya. Kuma a yanka wa kowanne 'yar ƙofa daidai inda ake zubar da mai, yadda za a yi juye ba tare da an kwance shi ba. Abin da ba a kwance ba, ba a manta shi.

Na biyu, a sake zama, a kira ma'aikaciyar jinya da maigadi. Shugaban gareji ya maimaita maganarsa da farantin a gabansa.

Na uku, a cire kalmar ganganci daga takardata. A rubuta gaskiya: direba ya ji, bai durƙusa ba. Wannan zan sa mata hannu. Kujerata ba na so, a ba wa mai gwiwa.

Farantin yana jingine a ɗakina. Maiɗakina ta ce ko shi ko ita. Ranar Litinin, 12 ga Yuni, da ƙarfe takwas, zan kawo shi ƙofar ofishinka in Allah Ya kai mu. Idan kana taro zan jira. Na taɓa jiran da ya fi wannan.

Allah Ya ja zamaninka, Ya sa ka gama lafiya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Baba Lamba Huɗu,
kamar yadda aka san ni a tashar motocin Hukuma.