Ƙahon Dattijo da Ƙwayar Likita

Talata, 7 ga Nuwamba 2006
Yau sati uku da faɗuwar Yaya Tambaya a bakin kanal. Ɓarin dama ya shanye. Da safe na ba shi kunu da cokali, rabi ya zube a gemunsa. Mutumin da yake ɗaukar kwandon tumatir shi kaɗai. Na ajiye cokalin na fito zaure.
Matata Zuliha ta sa ni gaba wai in je Kano a auna jinina, tunda uwa ɗaya uba ɗaya muke da Yaya. Mata ke nan. Lafiyata ƙalau.

Alhamis, 16 ga Nuwamba
Na je, don a zauna lafiya. Likitar yarinya ce, sa'ar Saliha 'yata, ana ce mata Ummulkhairi. Ta ce kitse ya yi yawa a jinina, akwai kuma alamar kumburi a jijiyoyi, ga wasu ƙananan ƙwayoyin jini masu daskarar da shi, in sun tarar da hanya ta ƙuntata sai su taru su toshe ta. Da ta ji manomin rani ne ni sai ta kawo misalin kanal da laka. Na ce a raina, 'yar nan, ni za ki koya wa yasa?
Ƙwaya ɗaya kullum bayan isha. A rage man shanu da balangu. Man shanun ne ya fi yi mini ciwo.

Asabar, 2 ga Disamba
Ƙwayar ba ɗaci, ba zufa, ba gudawa. Wane irin magani ne wannan da ba ya nuna aikinsa?

Litinin, 19 ga Fabrairu 2007
An sake auna ni. Alhamdu lillahi! Kitsen ya sauka sosai, alamar kumburin ma ta ragu. Likita ta ce maganin kan rage wa ƙananan ƙwayoyin nan saurin mannewa da juna. Ta ce in ci gaba. Na ce to.
A mota na yi ta lissafi. Shekara talatin ina ban ruwa. In fangali ya ƙoshi, cire bututu ake yi a kai gaba, wanda ya bar ruwa na ta kwarara saiwa zai ruɓar. Jiki ya ƙoshi, me ya rage?

Juma'a, 9 ga Maris
Na daina sha. Sauran ƙwayoyin suna aljihun tsohuwar rigata. Zuliha ba ta sani ba.

Juma'a, 6 ga Afrilu
Zafi ya shigo, Dattijo wanzami ya zo da zabirarsa kamar kowace shekara. Tun muna samari shi yake kafa mini ƙaho. Ya kafa huɗu a baya, ya zubar a ƙasa, baƙi ƙirin, guda-guda. Ya ce ka ga mataccen jinin. Yauwa, ga magani ido na gani! Na ji sakayau. Da yamma na ci tuwon shinkafa da man shanu har ya malalo mini a gwiwar hannu.

Laraba, 16 ga Mayu
Dole in rubuta wannan.
Da hantsi ina gyaran kunya a gonar shinkafa, fartanya ta suɓuce daga hannun dama. Na sunkuya in ɗauka, yatsu suka ƙi. Na buɗe baki in kira Jaji maƙwabcin gonata, harshe ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Zama na yi a cikin laka. Abin bai fi tsawon sallar raka'a huɗu ba ya sake ni.
Cokalin Yaya kawai nake gani. Na ji tsoro, wallahi na ji tsoro.

Litinin, 21 ga Mayu
Zuliha ce ta tsinci ƙwayoyin a wajen wanki, tun makonni ashe. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗora su a kan buzuna ta ce, “Malam, cokali ɗaya ne a gidan nan, kuma Yaya na amfani da shi.”
Gara ta zage ni.
Yau muka koma Kano tare. Awon ya koma inda yake a Nuwamba, kitsen har ya ɗara. Na kawo wa likita hujjar fangalina, da baƙin jinin da Dattijo ya fitar. Ta ce kowane jini in ya fito ya sha iska haka yake daskarewa, ko na jariri ne. Ta ce, “Baba, jikinka ne yake ƙera kitsen nan kullum. Ranar da ka daina sha, ranar ya ci gaba.” Abin da ya same ni a gona kuwa gargaɗi ne, ba kowa ake yi wa ba. Yaya ba a yi masa ba.
Ta ƙara mini wata ƙwayar ta tsinka jini. Biyu ke nan.

Lahadi, 10 ga Yuni
An yi ruwa mai kyau. Yaya ya motsa babban yatsansa, mun yi ta murna kamar an yi haihuwa.
Ƙwayoyin ina sha, don dai kada Zuliha ta dame ni. Ta ajiye su kusa da butata. Jiya ta manta, ni na tambaya.
Dattijo ya zo bayan la'asar, ya shimfiɗa ƙahonninsa, ya ce damina ta faɗi, a ƙara biyu a wuya. Na daɗe ina kallon su. Abokina ne na shekara arba'in, ban san yadda zan faɗa masa ba. Sai na cire hula na miƙa masa kai.
Na ce, “Aski kawai, Dattijo.”