Mun Bar Zhelyo a Rumbu

Lahadi, 6 ga Oktoba

Yau ma wasan bai yi armashi ba. Muna tsakiyar shimfiɗa layin dogo a kwamfuta Zhelyo ya ce daga can ƙauye, "Ku dakata, maza, tsohuwa ta buɗe ƙofa." Muka dakata. Ya dawo, muka ɗan taɓa, ya sake tashi. Wai takalmin babansa take nema, mutumin da ya rasu tun muna makaranta. Kofina ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa.

Rumen ya rubuto mini a gefe: "Gemuna ya tsiro ina jira." Na yi dariya. Bai kamata ba, amma na yi.

Tun muna samari mu uku muke wasan kwamfuta duk Lahadi bayan abincin rana. Amma tun da Zhelyo ya bar aikinsa a nan Plovdiv ya koma ƙauye jinyar mahaifiyarsa, Goggo Tsonka, rabin Lahadin a jira take ƙarewa.

Talata, 8 ga Oktoba

Lif ɗin wani bene ya tsaya, aka turo ni in gyara, kayan gyara ba su iso ba. Na zauna a matakala ina duba shagunan wasa a waya.

Rumen ne ya raɗa musu suna. Akwai Rumbu, inda muke: ka saya, ka sauke, ya zama naka, ko intanet ya ɗauke kana wasanka. Sai dai kayansa tsofaffi ne. Akwai Kasuwa, ba abin da babu, ga rangwame, ga cinkoso. Sai Gidan Haya: ka biya na wata, ka shiga ɗaruruwan wasanni, ranar da ka daina biya a rufe ƙofa. Can ne sabon wasan yaƙin nan yake, wanda kowa ke magana a kai.

A ƙasan shafin sun rubuta ƙarara: sai da intanet mai ƙarfi, kuma ba a dakatar da wasa.

Ba a dakatarwa. Na daɗe ina kallon layin nan.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Mun haɗu da Rumen a wurin shan kofi, muka kira Zhelyo, wayar a tsakiyar tebur. Na yi ta zuba kamar dillali. Rumbu ya tsufa. A Kasuwa sai kowa ya sayi nasa, tsada. Gidan Haya kuwa kuɗin wata bai kai na taba kwali biyu ba.

Rumen: "Ni dai ko gidan kare ne, a kai ni inda ake harbi."

Zhelyo ya ce, "Tsetso, kai ne masani. Zai yi da sabis ɗina?"

Na ce, "Ai ya kamata ya yi."

Ni na hau rufinsa bara na ɗaura masa eriyar intanet. Na san ko hazo ya sauko kan dutsen sai ta ɗauke.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Bai yi ba. Ya shigo, ya daskare, aka jefo shi waje. Ya sake, haka. Muryarsa tana yankewa, ya ce, "Ku ci gaba, kar na ɓata muku rana."

Muka ci gaba. Aka haɗa mu da wasu baƙi, har magariba ba wanda ya ce a dakata.

Ya yi daɗi. Nan ne kawai zan iya rubuta wannan. Ya yi daɗi ƙwarai.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ban kira shi ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Matata Nevena ta leƙo da kwandon wanki ta tsaya a bayana. "Ina Zhelyo? Ban ji muryarsa ba."

Na ce sabis ɗinsa ne.

"Da ma can sabis ɗinsa ne, kuma kuna yi."

Na fara yi mata bayanin bambancin shagunan. Ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba yi ba. Sannan ta ce, "Wato kun koma gidan da ba zai iya hawa benensa ba." Ta wuce da kwandonta.

An kashe ni a wasan ina kallon ƙofa.

Laraba, 23 ga Oktoba

Rumbu na rangwame. Na sayi wani wasan tuƙa jirgin ruwa, na mutum ɗaya, na aika wa Zhelyo kyauta. Ya turo hoton babban yatsa, ba kalma.

Nevena ta ce wannan ba kyauta ba ce, toshiyar baki ce. Na mutum ɗaya kuma! Sai da ta faɗa na lura.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na ce wa Rumen ko za mu riƙa komawa Rumbu wata Lahadin. Ya ce, "Kai fa ka kawo shawarar, malam. Yanzu kuma ka zama limamin coci?" Ya ce shi ma yana son Zhelyo, amma Lahadi ɗaya gare shi a mako kamar kowa.

Maganata ce a bakinsa, shi dai bai ɓoye ta ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na tafi ƙauyen. Nevena ta ƙunsa mini banitsa, gurasar nan mai cuku, tun da safe. Hanyar dutsen duk ganye ne, na yi ta shirya abin da zan ce, ina isa ya zube.

Zhelyo ya rame. Gashinsa ya rufe kunne. Ƙofar gida da sakata a can sama, inda hannunta ba ya kaiwa.

Goggo Tsonka na zaune kusa da murhu tana tsintar wake a faranti. Matar da ta taɓa bin mu da tsintsiya saboda mun cinye mata inibi. Na gaishe ta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce mita tana bayan gida. Ta ɗauka ni mai karanta mitar wuta ne.

Zhelyo ya ce, "Inna, Tsvetan ne, Tsetso." Ba ta ko ɗago ba.

Muna cin abinci ya ba da labarin akuyar maƙwabci da ta shiga coci, na ƙyalƙyale da dariya. Sai ta ajiye cokali. Ta nuna ni. "Kai ne na cikin akwatin! Kai da mai zagin nan."

Ban gane ba. Zhelyo ya ce ba ya iya toshe kunne yana wasa, dole ya riƙa jin motsinta, shi ya sa yake sa mu a lasifika. Takan ja kujera ta zauna gefensa. Ita a ganinta yara ne suka zo gidan.

Ta kama hannun rigata. "Ina kuka tafi? Na yi ta dafa wake." Ta juya wurin ɗanta, "Kai ka yi musu rashin kunya ko? Halinka ne."

Ya ce, "E, Inna, ni ne."

Na ture farantina gefe.

Da ta yi barcin rana muka fita baranda. Eriyar na sama da kanmu. Na fara cewa wataƙila idan aka ɗaga ta kaɗan... Ya katse ni.

"Kai ka ɗaura ta, Tsetso. Ka fi ni sanin ƙarfinta."

Ya jingina da bango ya ci gaba.

"Ban ji haushi don kun gaji ba. Ni ma na gaji. Da akwai shagon da zan koma, da tuni na koma." Ya yi 'yar dariya, ba mai daɗi ba. "Abin da ya ci mini rai, na kwana biyu ina zaton laifin kwamfutata ne. Har na kwance ta na share ƙura."

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce in bar shi, in taya shi shigo da itace. Muka yi ta jida har hannuna ya yi kanta. Na tambaye shi yaushe rabonsa da sauka garin Smolyan. Ya yi tunani, ya ce tun ana cin kankana.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Rumen ya kira ƙarfe biyu. Na ce kaina na ciwo. Da gaske ne, kusan.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na ba Rumen labarin akwatin. Ya ce, "Mai zagin, ni ke nan?" Na ce wa kuma? Ya zagi kansa, ya zage ni, ya kashe waya.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Ban fita daga Gidan Haya ba. Har yanzu ina ganin ya fi sauƙi, kuma wasan yaƙin na da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ban san yadda Lahadi za ta kasance ba, ba mu yi maganar ba.

Na dai yi musayar aikin gobe da wani a wurin aiki. Zhelyo zai karɓi motata ya sauka Smolyan, ya yi aski, ya zauna inda ya ga dama har yamma, ni in zauna da Goggo Tsonka. Ya yi ta karanto mini lokutan magani a waya, da inda ake ɓoye ashana. Ya ce idan ta rikice kar in yi mata gardama, in yi ta surutu kawai, kowane iri.

Rumen ya rubuto yanzu: wai in biyo ta gidansa ƙarfe bakwai, yana son ganin duwatsu. Shi da mota ke sa wa amai.

Nevena ta tambaye ni me zan je yi kuma. Na ce waken can ya fi na kasuwa. Ta ce haka ne, ta miƙo mini jaka.