Jar Sitika

Juma'a, 1 ga Nuwamba, 2024

An tsayar da ranar tsere: Juma'a mai zuwa bayan la'asar, a wani sito da ke unguwar Sulay, inda muke haɗa titin ƙananan motocinmu na lantarki. Duk abin da 'yan kallo suka zuba na Basiru ne, a mayar da shi gida Damagaram. Tun da ya faɗo daga kan gini ƙafafunsa ba su sake motsi ba. Mai siton ya kafa wa Baba Maulud, shugabanmu, sharaɗi: aka yi faɗa zai rufe wurin, ba ya son 'yan sanda a ƙofarsa. Da Baba yake maimaita mana, ni yake kallo. Ni kaɗai ne mai zuciya a Riyad?

Talata, 5 ga Nuwamba

Na yini ina jigilar 'ya'yan kafil, Balaraben da nake wa aiki, suna harbin bayan kujerata. Da yamma na je gwaji. Motata ba ta fi tafin hannu ba, amma wata da watanni ina haɗa ta da kaina.

Baba ya sake karanto doka saboda sababbi. Kowane layi da kalarsa. An gama zagaye, ka koma layi na gaba, ka canza sitikar da ke kan motarka. Wanda ba ya tsere ya tsaya a kwana, motar da ta fita daga tsagi ya duba sitika ya mayar da ita layinta.

Hamissou, bakaniken nan ɗan Maraɗi, ya ce wai motata ta yi gadon mai ita, ba ta san birki ba. Aka yi dariya. Na ji kamar in cusa masa sukudireba a hanci.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Dole in rubuta wannan.

Wuri ya cika, har Larabawa da 'yan Filifin. An kawo Basiru a kujera. Ina kan koren layi, ni ne a gaba. A kwanar Hamissou motata ta fita. Ya ɗauke ta, ina gani da idona, ya dasa ta a jan layi, na Baba Maulud. Ita kuwa mota, umarnin mai layi take bi, ba na mai ita ba. Na saki kunamata, abin da ake matsawa mota ta yi gudu, Baba yana matse da tasa har ƙarshe. Ta miƙe kamar an harba ta, ta tsallake katanga, ta daki ginshiƙin ƙarfe. Guntunta har kan cinyar Basiru.

Ban san lokacin da na haye tebur ba. Na kai masa karo da ka, hancinsa ya fashe. Ya faɗi yana cewa, "Idrisu, inda sitika ta ce nan ni aza ta." Na taka hannun da ya ɗauki motar da takalmin aiki. Na sake takawa. Na ji ƙas, kamar busasshen kara. Jini a kan titi, jini a rigata. Basiru na ta kiran sunana, ba halin ya tashi.

Mai sito ya shigo ya tarar an watse. Ya sa kwaɗo.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yatsun Hamissou na dama sun karye, an ɗaure hannun har gwiwa. Shi ya ja.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Na je wurin Basiru. Ya juya fuska bango. Abin da ya ce kawai: "Yaya, na riga na gaya wa Gogo ina tafe." Gara ya zage ni.

A ƙofa Baba Maulud ya jefo mini leda, guntayen motata ne. Na zazzage a ɗaki. Rufin bai fashe ba. Sitikar da ke kai ja ce, ta zagayen farko.

To, ko da ban canza ba, ai yana da ido. Ya san a kore nake. Ko bai sani ba?

Na kasa cin abinci.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Duk motar da ta tsaya a ƙofar gidanmu sai na ɗauka an zo tafiya da ni. Kalma ɗaya daga bakin Hamissou, ikamata, takardar zamana a ƙasar, ta ƙare.

Ashe shi wurin mai sito ya je da ɗaurarren hannu. Baba ya ce haka ya faɗa masa: "Ba wanda ya taɓa ni, kantar kaya ta hwaɗo min." Balaraben ya daɗe yana kallonsa, ya san ƙarya ce. Ya ce tun da mai ciwo bai yi ƙara ba, halas, wato magana ta ƙare, ya ba da makulli.

Haushi ya kama ni. Wa ya roƙe shi?

Juma'a, 15 ga Nuwamba

An yi tseren. Baba ya hana ni riƙe kunama, ya ajiye ni a kwana tun daga fari har ƙarshe. Mutane ba su kai na wancan makon ba, amma abin da aka samu ya isa. Basiru ya yi kuka. Ban matsa kusa ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Gobe jirgin Basiru. An yi masa kabsa, shinkafar Larabawa, a ɗakin Baba, faranti guda, kowa ya sa hannu. Hamissou ya koma gefe, wai ya ƙoshi. Ƙarya yake, kunyar sa hagu a farantin jama'a yake ji. Na ga yadda ya rame, garejin ma sun dakatar da shi.

Na ɗebo a kwano, na zauna kusa da shi, na dunƙula loma. Ya kalli hannuna, ya ja baya kaɗan, kamar duka zan kai. Wannan ja da bayan ya fi komai yi mini ciwo.

Na ce, "Buɗe baki, malam, shinkafa na hucewa."

Ya buɗe.

Ba wani abu ba ne, mutum ba ya zama da yunwa a gabana. Gobe ma in na dawo daga filin jirgi zan biya ta wurinsa, tun da hanya ce.

Ba hanya ba ce.