Ƙorafi Kan Mai Kiran Kansa Ƙahon Ƙarfe da Abin da Ya Yi wa Mahaifina

Odessa Tillery,
Gida mai lamba 418, Titin Keene,
Unguwar Granby, Milwaukee.
Litinin, 4 ga Maris, 2013.

Zuwa ga
Madam Bernadette Kowalke,
Shugabar Kwamitin Tsaron Unguwar Granby.

Ranki ya daɗe,

Game da: Cin zarafin da wani ɗan sintirin sa-kai ya yi wa Rufus Tillery, da lambar yabon da kwamitinki ke shirin ba shi

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da wannan ƙorafi a madadin mahaifina, Rufus Tillery, mai shekara saba'in da tara, wanda ba ya iya rubutu da kansa yanzu. Ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙin bas a wannan gari kafin ya yi ritaya. Shekara huɗu ke nan yana fama da ciwon mantuwa irin na tsufa, yana zaune tare da ni. Ni kuma ina aikin dare a sashen wankin kaya na wani asibiti.

Wanda nake ƙorafi a kansa kin san shi, domin hotonsa na manne a ƙofar ofishinki. Shi ne mutumin nan da ke yawo cikin dare da hular kwano mai ƙaho biyu, da sulken baƙar roba, da jan mayafi a kafaɗa, yana kiran kansa Ƙahon Ƙarfe. Tun bara kwamitinki ya amince masa ya riƙa sintiri a titunanmu. Ga abin da ya faru, daki-daki.

1. A daren Talata, 15 ga Janairu, na tafi aiki da ƙarfe goma, na bar Baba yana barci. Na manta ban saka sakatar sama ba. Wannan laifina ne, na rubuta shi tun farko don kada wani ya ɓata lokacin kwamiti wajen tono shi. Wajen ƙarfe uku na asuba Baba ya farka, ya ɗauka shi ne zai fita da bas ɗin farko kamar da. Ya sa tsohuwar hularsa ta direba a kan kayan barci, ya zura silifas, ya fita. A wannan dare ma'aunin sanyi ya sauka ƙasa da sifili da digiri goma sha ɗaya. A kwanar titinmu ya tarar da motar kai burodi a ajiye, ya zaci bas ɗinsa ce, ya tsaya yana jan ƙofarta.

2. A nan Ƙahon Ƙarfe ya same shi, tare da abokiyar sintirinsa mai riƙe kyamara, wadda ke amfani da sunan Tartsatsi. Abin da zan kawo ba jita-jita ba ne. Ita wannan baiwar Allah ta bar ƙungiyarsu ta 'yan sintiri a watan jiya, ta kawo mini cikakken bidiyon, mai tsawon minti arba'in da bakwai. Na haɗa kwafinsa da wannan takarda.

A minti na biyu, ba tare da tambaya ko ɗaya ba, ya fesa wa Baba ruwan barkono a ido. A minti na huɗu ya murɗe masa hannuwa ta baya, ya ɗaure su da igiyar roba irin wadda ake ɗaure wayoyin lantarki da ita, ya zaunar da shi a kan ƙanƙarar bakin titi. Silifas ɗin dama ya fita daga ƙafarsa tun lokacin. Ana ganinsa a bidiyon har ƙarshe, taku biyu daga inda yake zaune. Ba wanda ya miƙa masa.

Baba yana cewa, "Don Allah, ɗana, zan makara. Mutane na tsaye a sanyi suna jirana."

Shi kuwa ya juya wajen kyamara ya ce, "Kun ji ko? Ɓarayin bana har da fasinjoji."

3. Ina roƙon kwamiti ya tsaya da kyau a kan minti na tara. Baba yana da munduwa a hannun hagu, irin wadda likita ke sa wa masu ciwonsa, ɗauke da sunansa da ciwonsa da lambar wayata. Ƙahon Ƙarfe ya haska ta da tocila, ya karanta da ƙarfi: "Rufus Tillery, mai ciwon mantuwa, a kira Odessa." Sannan ya yi dariya ya ce, "To, kaka, gobe ma ka manta an yi haka."

Tartsatsi ta ce masa, "Kai, mu kira 'yarsa mana. Tsohon nan ba shi da lafiya."

Ya ce, "Ke dai riƙe kyamararki. Sati uku muna yawo ba mu samu komai ba."

Daga wannan minti ba sauran maganar kuskure. Ya san wanda yake riƙe da shi. Wayata tana aljihuna duk daren, kuma daga wurin aikina zuwa kwanar nan tafiyar minti takwas ce.

4. Abin da ya biyo baya ina rubuta shi ne don doka ta ce a faɗi komai. A minti na goma sha bakwai ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Tunda kai direba ne, yi mana hon mu ji. Ka ce pim-pim, in kwance ka." Baba ya dube shi, idonsa na zubar da ruwa, ya ce, "Pim-pim." Ƙahon Ƙarfe ya ce bai ji ba. Baba ya maimaita. Sau shida ya sa shi, bai kuma kwance shi ba. A minti na ashirin da huɗu fitsari ya kuɓuce wa Baba. Ƙahon Ƙarfe ya haska wandon da tocila, ya ce wa abokiyarsa ta matso da kyamara.

Bai kira 'yan sanda ba sai a minti na talatin da ɗaya, bayan ya sake ɗaukar jawabinsa na rufewa har sau biyu, wai iska ta karkatar masa da mayafi a na farko. Jami'an da suka zo su suka yanke igiyar, suka lulluɓe Baba da bargo, suka kira ni. Ba ni da ƙorafi a kansu.

A asibiti an yanke masa yatsu uku na ƙafar dama. Mutumin da ko sanda bai taɓa riƙewa ba, yanzu a keken marasa lafiya ake tura shi.

5. Ranar Alhamis, 17 ga Janairu, Baba na kwance a asibiti, Ƙahon Ƙarfe ya saki bidiyon a intanet. Ya taƙaita shi zuwa minti huɗu, ya sa masa kiɗa, ya yanke wurin munduwar, ya bar wurin hon da wurin wandon. Ya raɗa masa suna "An Cafke Ɓarawon Mota a Granby". Shafin kwamitinki ya yaɗa shi washegari, da rubutu a ƙasa cewa unguwa na alfahari da jaruminta. A wurin aikina na fara ganinsa, a wayar wata abokiyar aiki da ba ta san mahaifina ba ne. Tana dariya har da hawaye, ta ce, "Odessa, zo ki ga wani tsoho."

Na rubuto wa ofishinki ranar 22 ga Janairu. Ban sami amsa ba. Na buga waya ranar 5 ga Fabrairu, sakatarenki ya ce mini, kuma na rubuta kalamansa a take: "Madam, mutanen nan ba biyansu ake yi ba, sadaukar da barcinsu suke yi. Da kun kulle ƙofarku da ba a kai ga haka ba." Na gode masa da tunatarwa.

6. Ranar Lahadi, 27 ga Janairu, kwana biyu bayan an sallamo Baba, Ƙahon Ƙarfe ya zo ƙofar gidana da rana tsaka, cikin cikakkiyar shigarsa, da furanni a hannu da wani sabon mai kyamara a bayansa. Ya ce ya zo ne ya nuna wa masu binsa cewa jarumi na gaskiya ba ya jin kunyar neman afuwa. Baba na zaune a bakin taga. Da ya hango ƙahon, sai ya jefo kansa daga kujera da ƙafar da ba ta warke ba, ya ja ciki ya shige ƙarƙashin teburin cin abinci. Awa uku ina lallashinsa kafin ya fito.

Wannan mutum ya ce gobe Baba zai manta. Ina sanar da kwamiti cewa bai manta ba. Ya manta sunana, ya manta sunan marigayiya mahaifiyata da suka yi shekara arba'in da shida tare, amma wannan ya zauna. Daga ranar ya daina barci, ya daina yarda a taɓa shi. Ranar 11 ga Fabrairu na kai shi gidan kula da tsofaffi, abin da na yi wa mahaifiyata alkawarin ba zan taɓa yi ba. Masu jinyarsa sun gaya mini duk wanda ya tunkare shi da tocila cikin dare, sai ya mayar da hannuwansa baya da kansa, ya fara cewa pim-pim har sai an tafi. Da farko sun zaci wasa yake yi, har suna amsa masa.

7. Na san ko wane ne a ƙarƙashin hular. Sunansa Gerald Stroud, shekararsa talatin da huɗu, yana aiki a wani shagon sayar da tayoyi, yana zaune a ɗakin ƙasa na gidan mahaifiyarsa a Titin Alder. Na ji an ce a ƙa'idar ƙungiyarsu ba a bayyana suna, don kare iyali. Sunan mahaifina dai an karanta shi da ƙarfi a bakin titi.

Don gaskiya ta cika, zan ambaci abin da ni ma na yi. Ranar Laraba, 20 ga Fabrairu, mahaifiyar Gerald ta zo gidana da yamma. Dattijuwa ce, ta kai saba'in. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yarinyata, ki rufa masa asiri. Tun yana ƙarami ake dukansa a makaranta. Kayan nan su kaɗai yake da su, in aka raba shi da su ban san abin da zai yi wa kansa ba." Na ce ta jira ni ina zuwa. Na rufe ƙofa, na kashe fitilar waje, na ja kujera na zauna a bakin taga da agogo a hannuna. Tana sanye da rigar sanyi, da safar hannu, da takalmi mai gashi a ciki. Sau biyu ta ƙwanƙwasa. Minti goma sha uku ta iya jurewa, sannan ta tafi tana dafa bango. Ban ji komai ba, ranki ya daɗe. Na saurari zuciyata ko zan ji, ban ji ba. Kafin watan Janairu ni ba haka nake ba, kuma wannan ma ina sa shi cikin abin da aka yi mana.

Bisa waɗannan dalilai, ina roƙon kwamiti cikin ladabi da ya janye amincewar da ya ba Gerald Stroud ta yin sintiri a wannan unguwa, ya sauke bidiyon daga shafinsa, ya kuma rubuta a wurin cewa Rufus Tillery bai taɓa satar ko allura ba. Ina roƙon a kira taron unguwa, a zaunar da Gerald Stroud a gaba babu hula babu mayafi, da fuskar da aka haife shi da ita, a kunna bidiyon tun daga farko har ƙarshe, kada a tsallake ko daƙiƙa ɗaya, kada kuma a bar kowa ya fita shan iska. Daga ƙarshe, ina roƙon a soke lambar yabon Gwarzon Unguwa da aka shirya ba shi ranar Asabar, 16 ga Maris, a zauren taro na Granby.

Idan kwamiti ya ga dacewar ci gaba da bikin, ba ni da ikon hanawa. Sai dai ina sanar da ke tun yanzu, don a tanadi wurin keke a layin gaba, cewa na nemi izinin fito da Baba a wannan yammaci, kuma an ba ni. Na san abin da ganin ƙahon nan zai yi masa. Na kwana ina tunanin wannan, na kuma yanke shawara. Zan kawo shi, in ajiye shi daidai gaban mumbari, ki miƙa lambar da hannunki.

Ina fatan samun amsa a rubuce kafin wannan rana. Ki huta lafiya.

Taki cikin girmamawa,

Odessa Tillery
'Yar Rufus Tillery, kuma mai kula da al'amuransa