Kakar Haliru da Aka Tsayar a Ƙofar Asibiti

Zuwa ga Likita Bature mai kula da asibitin ƙasarmu,

Gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Bayan haka, ni ƙanen uban wani yaro ne mai suna Haliru, wanda ka yi wa aiki a baki. Bana na gama makarantar horon malamai, aka ba ni aji a elementare ta Gwandu. Na rubuta wannan takarda da boko domin tafintanka ya karanta maka, na kuma juya ta da ajami domin a karanta a kasuwar Kalgo, saboda maganar ba ta gidanmu kaɗai ba ce. Ban taɓa rubuta wa babba irinka ba, na yi ta gogewa ina sakewa. Abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka faɗa mini zan ce an faɗa mini.

1. An haifi Haliru a Kalgo da tsagaggiyar ganɗa, wato rufin bakinsa a buɗe yake har cikin hanci. Leɓensa lafiya lau, shi ya sa ba a gane ba sai ran suna, da wanzami ya buɗe bakin zai cire masa beli, ya duba, ya mayar da ƙarfensa cikin zabira. Yaron bai iya kama nono ba, ɗan abin da ya sha kuma ta hanci yake dawowa. Mahaifiyarmu, Inna, ta rufe ɗakinta a Gwandu ta tare a Kalgo. A tatso nono a ɗan ƙoƙo, ta ɗaga shi zaune a cinyarta, ta riƙa ɗiga masa kaɗan kaɗan. Haka ya rayu. Wannan na gani duk lokacin da na zo hutu.

2. Bayan Babbar Sallah, yayana Umaru da matarsa A'i da Inna suka kawo maka shi a kan jaki, yana dab da yaye. Ka shaƙa masa maganin barci, ka ɗinke ganɗar. Wannan alheri ne, ba mu manta ba. Amma mai tsaron ƙofarka ya ce doka ita ce uwa da uba kaɗai ke shiga. An faɗa mini Inna ta ce masa, "Ɗana, ni ka ba yaron ga abinci, ba su ba. Su waɗanga ko sunanai ba su faɗi." Ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa, ango ne aka ƙwace miki? Je ki inuwa, za a maido miki shi." Ta zauna gindin tsamiyar da ke waje har ranar da aka sallame su.

3. Nan ne maganar take, ina roƙo a fassara maka wannan wurin a tsanake. Haliru ɗan fari ne. A wurinmu uwa da uba suna kunyar ɗan fari. Ba sa kiran sunansa, ba sa ɗaukarsa a gaban mutane, ba sa tambaya a kansa inda wani zai ji. Wanda ya yi, a ce ba shi da kunya, a yi ta yi masa ba'a har ya tsufa. Kakanni ke riƙon ɗan fari. To ranar sallama ka tsayar da Umaru da A'i, tafinta yana faɗa musu yadda za a yi: kunu tatacce mai ruwa ruwa, a bari ya huce, a ba shi da ƙaramin cokali ta gefen baki, kada a sa masa yatsa, kada a bari ya sa nasa. A'i ta ja mayafi ta rufe fuska. Umaru ya sunkuyar da kai yana cewa to, to. Ka ɗauka sun gane. Sun ji, ranka ya daɗe, na tambaye su kowa daban, kuma kowannensu ya maimaita mini maganar. Amma da suka fito, Umaru ba zai iya durƙusawa gaban uwarsa ya yi ta zayyana yadda za a lallaɓa ɗansa na fari ba. Abin da ya iya fita daga bakinsa shi ne, "An ce ruwa ruwa." Shi ke nan abin da ya isa kunnen mai ba yaron abinci.

4. Inna ta wuce da shi Gwandu domin yaye, kamar yadda ake yi. Yaron ya ƙi cin komai, ya yi ta kuka, ya rame. Ita kuwa a ganinta tun da an ɗinke, ya zama kamar kowane yaro, sai ta yi masa abin da ake yi wa kowane yaro mai ƙin abinci, wato ɗura. A kwantar da shi a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a zuba kunu, a toshe masa hanci har ya haɗiye. Tun haihuwarsa ba ta taɓa yi masa ba, tana jiran ranar da zai iya. Ta faɗa mini tana yi tana masa wasa, tana cewa, "Sha, maigidana, yau ka zama mutum." A ɗura ta biyu ta ga jini, kunun kuma ya biyo ta hanci. Ba ta sake ba.

5. Umaru da Inna suka dawo da shi wurinka. Ban ji da kunnena ba, amma Umaru ya ce tafinta ya gaya masa ka yi fushi, ka ce an faɗa musu sun ƙi ji, kuma ba za ka sake ɓata zare a kan ɗan da iyayensa ba su damu da shi ba, tun da ko tambaya ɗaya ba su yi ba. In ba haka ka faɗa ba, ina neman gafara, a gyara mini. In haka ne, to ga abin da na sani: mutumin nan ya bar shinkafarsa a fadama tsuntsaye na ci, ya ja jaki da ƙafa ya kawo maka ɗansa. Ranar ma Inna tana gindin tsamiya, ba a bar ta ta shiga ba.

6. Jiya da hantsi na fito da Haliru tsakar gida na duba bakinsa. Ɗinkin gaba ya kama. Na baya ya buɗe, faɗinsa kamar ƙwayar wake. Babu ruwa, babu wari, jikinsa ba zafi. Ban sani ba ko irin wannan ana sake ɗinkewa nan da nan, ko sai naman ya warke, ko kuwa in an daɗe ba ya sake kamawa. Ba wanda zan tambaya sai kai, kuma wannan rashin sanin ya hana ni zama wuri ɗaya. Yaron ya fara kama magana, ta hanci take fita, Inna kaɗai ke gane shi. Ni malamin aji ne, na san abin da yara ke yi wa mai irin wannan murya. Ga shi ana cewa za ka tafi hutu gida kafin damina, in ruwa ya sauka kuwa hanyar fadama sai kwalekwale.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

Na farko, ka sake duba bakin Haliru kafin ka tafi, ka gaya mana gaskiyar abin da zai yiwu.

Na biyu, a bar Inna ta shiga. A nuna mata da hannu, cokali da komai. Ta ce in rubuta maka cewa ba ta tsoron Bature, kuma ba a taɓa nuna mata abu sau biyu ba.

Na uku, a gaya wa mai tsaron ƙofa, in an kawo yaro ya daina tambayar wa ya haife shi, ya tambayi wa ke ba shi abinci. Akwai 'ya'yan fari a Masama da Ceberu da ko'ina, kuma duk wanda aka kawo maka, iyayensa za su sunkuyar da kai su ce to.

Mun riga mun taso daga Gwandu mun iso Kalgo, gidan Umaru. Ran Litinin da safe, in Allah ya yarda, za ka same mu a ƙofarka, ni da Inna da yaron. Umaru zai raka mu, amma ya ce wannan karon shi zai zauna gindin tsamiya ya riƙe jaki.

Allah ya ƙara wa hannunka albarka, ya sanyaya zuciyarka a kanmu, ya kai ka gida lafiya ya dawo da kai lafiya.

Wassalam.

Malam Sambo, baffan Haliru, malamin elementare,
Gwandu.