Baba Ya Ce Yana Waƙa

Asabar, 24 ga Agusta

Takardar canjin makarantar da zan koyar ta fito. Yau na je na ga hanyar da idona. Kilomita goma sha ɗaya kwalta ce sumul, sai a karya kwana a shiga burji, daga nan 'yar turba mai tsakuwa da ta gangara rafi ta haura. Mota ba ta shiga. Gangarar ce ta tsaya mini a rai, doguwa ce kuma ga duwatsu a gindinta.

'Yata Tsigi za ta shiga aji ɗaya a can, tunda can zan wuni. Ni da ita a keke ɗaya, safe da yamma. Tsohon kekena kuwa ƙashinsa ya lanƙwashe tun bara, tafiya yake kamar kaguwa. Tayoyi da sarƙa da birki duk da sauransu, firam, wato ƙashin, kawai nake nema.

Litinin, 26 ga Agusta

Rumfar Ba-Matsala mai kayan keke. Mutumin nan ko ka ce masa gidanka ya kama da wuta abin da zai ce ke nan. Ya sauko mini da guda uku.

Na farko na alminiyam, yatsa biyu suka ɗaga shi. A kwalta sai dai a ga ƙurata, amma ƙafafunsa a matse, taya mai kauri ba za ta shiga ba, laka kaɗan ta cushe shi. Ba shi ma da hujin ɗaura kariya, mazaunin baya, to ina zan ajiye yarinya, a ka? Na biyu na hawan dutse ne, jibgege, kafin in ƙare kwaltar na zama abin tausayi. Na uku kore, na ƙarfe, na hannu ne amma an yi masa sabon fenti. Ƙafafu a buɗe, huji biyu a baya na kariya, tsayinsa daidai ni. Wannan zai ci kwalta ya ci daji.

Raina ya biya. Na ce sai Baba ya gani tukuna. Ya ce ba matsala.

Laraba, 28 ga Agusta

Shekara arba'in Baba yana gyaran keke kafin gwiwa ta zaunar da shi, kuma bai taɓa yarda da firam don ya gan shi da kyau ba. Rataye shi yake yi da igiya, tsirara, ba taya ba komai, ya buga masa sifana mai lamba goma a wuri uku, ya kasa kunne. Ya ce lafiyayyen ƙarfe waƙa yake yi, mai tsaga kuwa tari. Ina yaro har daga wasu rumfuna ake kawo masa ya buga.

Yau muka rataye koren a tsakar gida. Ya buga baya, ya yi amo mai tsawo. Ya buga ƙarƙashin sirdi, haka. Ya buga ƙarƙashin wuya, inda bututun ƙasa ya haɗu da na gaba.

Ban sani ba. Ni dai na ji kamar amon ya gajarta, kamar an sa masa hannu a baki.

Baba ya gyaɗa kai. "Yana waƙa, Ticha. Ɗauki abinka."

Na kwance igiyar na sauke shi. Wa ya aike ni? Ni da alli kawai na sani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Asabar, 31 ga Agusta

Mun haɗa shi. Baba a kan kujera yana ba da umarni, ni ina shan baƙin mai da faɗa. Ya daɗe bai yi dariya irin ta yau ba. Da kansa ya naɗa wa kariya tsohon bargo saboda Tsigi, ya ƙera mata wurin ɗora ƙafa don kada taya ta ci mata dunduniya.

Keken ya yi kyau ƙwarai, har maƙwabta na leƙowa.

Lahadi, 1 ga Satumba

Sau uku na yi wa Baba sallama daga bayansa, bai juyo ba. Da na zagayo gabansa ya amsa da fara'a. Rediyonsa kuma kwanan nan har bakin titi ake jin sa.

Na faɗa wa Maman Tsigi. Ta ce, "Sai yau ka lura? Ai bakin mutum yake kallo tun kafin damina." Ta ci gaba da wanke-wankenta.

Litinin, 9 ga Satumba

Ranar farko. A kwalta kamar ana tura mu, a burji bai ko girgiza ba. Tsigi tana ta waƙa a bayana, ta riƙe mini riga da hannu biyu. Mun sauka gangara lafiya. Na ce wa kaina, ka ga, shegen zargi ne kawai irin nawa.

Alhamis, 12 ga Satumba

A tsakiyar gangara, da na matse birkin gaba: ƙis.

Sau ɗaya. Ƙila tsakuwa ce.

Talata, 17 ga Satumba

Ba tsakuwa ba ce. Na ɗaure kowane noti, na zuba wa feda mai, na canja sirdi da na tsohon keken. Yana nan. A kwalta shiru yake kamar mutumin kirki, sai an shiga gargada, musamman in na kama birkin gaba nauyinmu ya taru a wuyansa. Ƙis. Ƙis-ƙis.

Tsigi ta ce, "Abba, keken nan magana yake yi." Na ce gaishe ta yake. Ta ce to tana amsawa. Gabana ya faɗi, ban san dalili ba. Na san dalili.

Da muka dawo na duƙa na shafa ƙarƙashin wuyan. Fenti sumul, har ya fi na ko'ina kauri. Me ya sa nan ya fi kauri?

Laraba, 18 ga Satumba

Daga yau a bakin gangara muke sauka, in tura shi da ƙafa, mu haye rafi, mu haura. Na ce wa Tsigi motsa jiki ne. Mun makara da minti ashirin, shugaban makaranta ya dubi agogo ya dube ni.

Juma'a, 20 ga Satumba

Mun yi faɗa da Maman Tsigi, irin na ƙasa-ƙasa don kada a ji. Wauta, wa zai ji? Ta ga takalman yarinya duk laka, ta tsare ni, na faɗa mata komai.

Ta ce in kwance shi in kai wa mai walda ya duba. Na ce mai waldar nan a hannun Baba ya koyi riƙe sifana, kafin yamma labari ya zagaya cewa ɗansa ma bai yarda da kunnensa ba. Me ya rage wa tsohon nan? Gwiwa ta tafi, rumfa ta tafi, abokai sun ƙare. Kunnen ne kaɗai ake zuwa nema a wurinsa.

Ta dube ni ta ce, "Kai kunyar mahaifinka kake ji. Ni kuwa 'yata nake ji. Kwaltar fa, da manyan motoci ke wucewa, a can ma turawa kake yi?"

Haushinta nake ji saboda gaskiya ta faɗa. Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen wata. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, ta juya mini baya.

Lahadi, 22 ga Satumba

An yi ruwa jiya, keken ya jiƙe. Da safe na ga wani ɗan layi ja a ƙarƙashin wuya, siriri kamar gashi. Na goge da yatsa, tsatsa ce. Zuwa azahar ya dawo.

Gobe Litinin.

Litinin, 23 ga Satumba

Na ce Tsigi tana mura, na bar ta a gida. Ba ta mura. Ni kaɗai na tafi, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Wata babbar mota ta matse ni gefen kwalta, na faɗa rami, sai na ji kan keken ya yi wani laushi a hannuna, na daƙiƙa ɗaya. Na tsaya a bakin hanya na sauka. Da Tsigi tana baya fa?

Na dawo da niyyar yau sai na faɗa wa Baba. Na same shi yana goge sifanarsa, ya tambaye ni ya koren yake. Na ce lafiya lau. Allah wadaran hali irin nawa.

Talata, 24 ga Satumba

Tsigi ce ta yi abin da na kasa. Ita dama ba ruwanta, hawa cinyarsa take yi ta kafa baki a kunnensa ta yi ihu, shi kuma ya ce za ta fasa masa kai. Ina shigowa na ji ta:

"Kaka! Kekenka yana cewa ƙis-ƙis! Abba yana tsoronsa, a gangara da ƙafa muke tafiya!"

Baba bai yi dariya ba. Ya sauke ta a hankali, ya ce ta je wurin mamanta. Ya dubi keken. Sannan ya ce, "Kwance shi."

Na fara cewa ai ba wani abu ba ne. Bai ma kalli bakina ba. Na kwance komai, na rataye shi a igiyar nan. Ya tashi da ƙyar, ya ƙi in kama shi. Ya buga baya. Ya buga ƙarƙashin sirdi. Ya buga ƙarƙashin wuya. Sai na ga ba firam ɗin yake kallo ba, fuskata yake kallo.

"Me ka ji?"

Tunda nake ban taɓa jin ya tambayi wani haka ba. Na matso gabansa yadda zai ga bakina, na ce, "Tari yake, Baba."

"Ran nan ma?"

"Ran nan ma."

Ya ciro wuƙarsa ya kankare fentin. Ƙarƙashinsa wani farin abu ne aka cusa aka goge, yana ɓarɓashi. Ƙarƙashin wannan kuma tsaga, ta zagaye fiye da rabin bututun. Muka sauke shi ƙasa, ya ce in taka baya in ja wuyan. Ban ma sa ƙarfi ba ta buɗe baki, har ɗan yatsana zai shiga. Gani ya kori ji.

Na zaci zai zagi wanda ya yi fentin. Ni ya juyo wa.

"Ka ji, ka yi shiru, ka ɗora mini jika a kai. Don kada raina ya ɓaci." Ya nuna tsagar. "Da ta faɗi a gangarar nan, da wane ran zan zauna?"

Ya ajiye sifanar a kan kujera ya shige ɗaki. Bai fito cin abinci ba.

Alhamis, 26 ga Satumba

Kwana biyu bai yi mini magana ba. Da Tsigi kawai. Wani ya kawo firam a buga masa, ya aiko a ce ba ya jin daɗi.

Ba-Matsala ya rantse haka aka kawo masa shi. Karo na farko da na ga bai ce ba matsala ba.

Asabar, 28 ga Satumba

Baba ya ce zai bi ni kasuwa. Ban tambaye shi dalili ba.

An sauko mana da wani baƙi na ƙarfe, fentinsa duk ya kwaile, muni kamar me, amma ƙafafu a buɗe kuma ga hujin kariya. Baba ya bi kowace mahaɗa da farce, ya ɗaga shi ya auna da ido ɗaya, ya ce gara wanda bai ɓoye tabonsa ba. Ya sa aka rataye shi. Mutanen rumfa suka taru kamar yadda suka saba. Sai ya miƙo mini sifanar a gabansu, ya ce, "Hannuna yana ciwo yau. Ticha, buga."

Na buga wuri uku. Duk ukun amon ya yi tsawo har ya ɓace da kansa. Na gyaɗa kai kaɗan. Yana kallona.

"Yana waƙa," in ji Baba, da ƙarfi, kowa ya ji.

Litinin, 30 ga Satumba

Mun sauka gangara a kan keke, ni da Tsigi. Shiru. Ta ce wannan ba ya gaishe ta, ba shi da kirki.

Da yamma wani ya kawo firam. Baba ya ce a jira Ticha ya dawo, shi yanzu duba mahaɗa yake yi. Da na dawo na buga, na tsaya inda zai ga fuskata.

Sifanar tana aljihuna tun Asabar. Mantawa nake yi in mayar masa. Shi ma bai tambaya ba.